Jan Bunsuru da Baƙin Bunsuru: Yadda Aka Riƙa Zaɓen Uban Garke a Ƙasar Maraɗi

An yi zamanin da launin gashi kaɗai ke yanke wa ɗan bunsuru hukunci a ƙauyukan ƙasar Maraɗi. Idan ma'aikatan dabbobi na gwamnatin Faransa suka sauka a gari aka fito musu da awaki, ja sai a ware shi gefe a bar shi ya yi barbara. Baƙi kuwa, da fari, da mai roɗi-roɗi, sai a kayar da shi a dandaƙe, ya koma taure, ya ci ya yi ƙiba yana jiran wuƙar mahauci. Ba a tambayar ko uwarsa tana cika ƙwarya da nono, ba a tambayar ko tagwaye take haihuwa. Tun wajajen shekarun 1930 aka soma wannan aiki, kuma tafiyar Turawa a 1960 ba ta kawo ƙarshensa ba.

Fata ce ta jawo haka, fatar kuma tana da tarihin da ya girmi Turawan mulkin mallaka nesa ba kusa ba. Hasan al-Wazzan, matafiyin nan na birnin Fas da Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta tun ƙarni na 16 cewa dukawan Gobir suna ɗinka takalman da ake kaiwa har Tambutu da Gao. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar takalma da jemammun fatu suna cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, ayari yana ɗauka ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Daga tashoshin ruwan Arewacin Afirka fatar ke tsallakawa Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko, alhali wani kaso mai yawa nata daga bayan awakin ƙasar Hausa aka feɗe shi.

Wanda ya taɓa tsayawa a majema ya ga yadda aikin yake, domin har yau bai sake sosai ba. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare. Sai a daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa, a tsoma fatar a ciki ana juyawa ana matsewa har jima ta kama ta ciki da waje. Daga nan a shafa mai, a murza, a ja ta ta yi laushi, sannan a rina da karan dafi ta fito jawur. Majemi ya san fatar jar akuya da hannunsa tun kafin ya dube ta: ba ta da kauri amma tana da ƙarfi, ƙwayar fuskarta a tsuke take, ba ta da kitsen da ke sa fata ta yi laɓo-laɓo. Busasshiyarta ba ta kai rabin kilo ba, amma baduku zai ja ta a kan sirdi ko kube ba ta yage ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu a Ingila suka shiga damuwa, saboda bangon littattafan da aka yi da fatar masana'antunsu yana ruɓewa cikin 'yan shekaru, asid ɗin da ake zubawa wurin jima yana cin sa. Douglas Cockerell, ɗaya daga cikin gwanayen ɗinkin littafi a Landan, ya fitar da littafinsa kan wannan sana'a a 1901, a ciki kuma ya yaba wa fatar akuyar da kamfanin Royal Niger ke kawowa, ya ce ita ya fi jin daɗin aiki da ita. Shekara goma bayan haka, a 1911, layin dogo ya iso Kano. Fatar da ke yin watanni a bayan raƙumi ta koma isa Ikko cikin kwanaki. Kamfanoni irin su John Holt da CFAO da SCOA suka buɗe kantunan sayen fata, masu yin takalma da safar hannu a Turai da Amurka suka yi ta nema. A ɓangaren Ingilishi aka naɗa malaman duba fata, suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da wuƙa ta huda ba, da shanya a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana. Idon gwamnatocin biyu, na Faransa da na Ingila, ya tsaya a kan jar akuya a matsayin kayan fitarwa waje.

Ita akuyar ba ta san da iyakar da aka shata tsakanin 1898 da 1908 ba. Wadda ake kira jar akuyar Maraɗi a Nijar ita ce jar akuyar Sakkwato a Najeriya, kuma gidanta shi ne ƙasar noma da ta tashi daga Sakkwato da Gobir da Zamfara ta bi ta Katsina da Maraɗi da Madarumfa har Tasawa. Mutanen ma haka suke: sarakunan Katsina da jihadi ya kora a 1807 su ne suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri kusa da su. Akuya ce madaidaiciya, tsayinta a kafaɗa wajen santimita 60, nauyin babbar mace kilo 25 zuwa 30, gajerun kunnuwa a miƙe, namiji da mace duka da ƙaho. Ba doguwar akuyar Buzaye da Fulanin daji ba ce mai tafiyar nisa. Ta gida ce, da damina tana turke ana yanko mata ciyawa, da rani tana cin harawa da dusa da 'ya'yan gawo.

Kuma dukiyar mata ce. Wannan shi ne abin da rahotannin kamfanonin fata ba su cika kulawa da shi ba. Shanu na maza ne, gona ta maigida ce, amma akuyar da ke bayan ɗaki galibi ta uwargida ce ko ta amarya, wata da ita aka kawo ta gidan miji. Matar ƙauye ba ta kiwon akuya don fata, domin fata sau ɗaya ake samunta, ranar da akuyar ta bar duniya. Abin da take lissafi shi ne nonon da za ta dama fura da shi ko ta ba yaron da aka yaye, da 'ya'yan da za ta sayar idan biki ko ciwo ya taso. Jar akuya tana biya mata wannan buƙata: cikinta wata biyar ne, tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinta, kuma idan ta ƙoshi ana tatsar rabin lita zuwa lita guda a rana har wata uku ko huɗu. A ƙauyukan Maraɗi da Zindar tatsar akuya al'ada ce mai ƙarfi, fiye da yadda take a yawancin garuruwan Najeriya, inda ake barin nonon ga 'ya'yan.

Turawan mulkin mallaka ba su yi kuskure ba da suka kama gyaran iri ta wajen bunsuru. Akuya komai kyanta 'ya'ya biyu ko uku za ta bayar a shekara. Bunsuru ɗaya lafiyayye kuwa yana iya hawan awaki talatin, ya bar 'ya'ya hamsin ko fiye a shekara guda, kowannensu rabin jininsa nasa ne. Wanda yake son sauya garken gari gaba ɗaya ba sai ya taɓa matan ba, ya isa ya zaɓi wanda zai yi barbara. Likitocin dabbobi na Faransa sun yi rubutu a kan wannan akuya tun 1938, kuma a 1967 A. H. Robinet ya fitar da dogon nazari kan matsayinta a tattalin arzikin Nijar. Kafin nan, a 1963, sabuwar gwamnatin Nijar ta kafa cibiyar kiwon awaki a gefen birnin Maraɗi. Aikinta shi ne ta tace jinin jar akuya, ta yi renon bunsuraye, ta rarraba su ƙauyuka, har da yankunan da ba a san ta ba a da. Daga baya ƙasashe maƙwabta su ma suka riƙa zuwa neman iri.

Dole a yi wa wannan aiki adalci. Ba don shi ba, da wuya jar akuya ta tsaya a matsayin iri guda mai suna da kamanni, domin kasuwa da ƙaura suna cakuɗa jini kullum. Lokacin da farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka share shanu, awaki ne suka fi tsira, kuma da su gidaje da yawa suka sake tayar da dukiya. Ƙungiyoyin agaji da suka ari al'adar Fulani ta habbanaye, wato a ba mace aron akuya ta riƙe har ta haihu sannan ta miƙa wa wata, sun riƙa raba jar akuya. Wannan duka ribar tsohon zaɓen ne.

Sai dai ma'aunin da aka yi zaɓen da shi na mai sayen fata ne. A 2002 Hamani Marichatou na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon wani bincike da ya kwatanta jajayen awaki da baƙaƙe a yankin Maraɗi: girman 'ya'ya, haihuwa, da yawan nono. Ba su sami wani babban bambanci a tsakaninsu ba. Ma'ana, a cikin dubban baƙaƙen 'yan bunsurayen da aka dandaƙe cikin shekaru masu yawa, babu shakka akwai 'ya'yan awakin da suka fi kowace akuya nono a garinsu, kuma jininsu ya tafi tukunya. A cikin jajayen da aka bari kuwa akwai waɗanda iyayensu mata ko 'ya'yansu ba sa iya ƙosarwa. Launi yana nuna dangi, wannan gaskiya ne, amma gashi ba ya faɗin abin da ke cikin hantsa.

Matsalar zaɓen bunsurun nono ke nan a ko'ina cikin duniya: ana neman nono a wurin dabbar da ba ta yin sa. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan kiwo sun daɗe kafin su gano hanya. Makiyayan Suwizalan sun fitar da farar Saanen daga wani kwari a yankin Bern, da Toggenburg daga gabashin ƙasar, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 sun fara rubuta asalin kowace dabba a littafi. A Ingila an kafa ƙungiyar masu kiwon awaki a 1879. A wancan zamanin jiragen ruwa masu dawowa daga Indiya suna ɗauke da awaki don a tatsa wa fasinjoji, idan sun iso sai masu sha'awa su saye a bakin tasha. Daga irin waɗannan baƙin awaki masu dogayen kunnuwa aka haɗa irin da ake kira Anglo-Nubian, wanda aka buɗe wa rajista a 1910, kuma 'yan tsirarun bunsuraye ne tushensa, cikinsu har da wani mai suna Sedgemere Chancellor da aka kawo a 1896. Yau ana kiwon jikokinsu daga Amurka har Ostireliya.

Su ma Turawan sun sha ruɗuwa da abin da ido ke gani. Sun daɗe suna fifita bunsuru marar ƙaho saboda sauƙin riƙo, sai daga baya suka lura cewa idan uwa da uba duka marasa ƙaho ne, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'ya mata suna fitowa mata-maza, ba sa haihuwa balle a tatse su. Abin da ya raba gardama shi ne awo. Tun shekarun 1960 Faransa ta shimfiɗa tsarin auna nonon awaki gona-gona. Ana ɗauko ɗan bunsuru daga uwar da ta yi fice da uban da aka riga aka gwada, a rarraba maniyyinsa ga gonaki da yawa, sannan a zauna jira har 'ya'yansa mata su girma, su haihu, a auna tatsarsu ta fari. Shekara uku zuwa huɗu ke nan kafin a ce wannan bunsuru ya cancanta. Da wannan haƙurin Saanen da Alpine suka kai lita 800 zuwa 1,000 a tatsar wata goma.

A ƙasar Hausa abin da ke faruwa a gidaje da yawa akasin haka ne, ba don rashin sani ba, sai don matsin rayuwa. Ɗan bunsurun da ya fi saurin girma shi ne ya fi kuɗi a kara, don haka shi ake fara ja zuwa kasuwa idan aka rasa kuɗin taki ko na magani, ko a yanka shi idan baƙo ya sauka. Wanda dillali ya raina shi ke saura a gida. Da an gama girbi aka saki dabbobi, shi da ire-irensa ne ke yawo unguwa-unguwa, tun suna wata biyar ko shida suna hawan iyayensu mata da 'yan'uwansu. Haka ake yi shekara da shekaru, sannan a zo ana mamakin yadda awakin yanzu ba su kai na da ba.

Alhali ilimin zaɓen yana nan a bakin tsofaffin mata. Idan aka kawo wa tsohuwa 'yan bunsuraye biyu aka ce, “Inna, wanne za a bari?” kafin ta taɓa ko ɗaya sai ta tambaya, “Wace ce uwarsa?” Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma wannan ita ce tambayar da masanan Faransa suka gina tsarinsu a kai. Ana so a ga uwar da ido: hantsarta a ɗaure take da jiki ko tana reto har ƙaya na yagarta, kan nononta biyu ne daidai da kamun hannu, bayan tatsa hantsar tana saki ta yi laushi ko tsoka ce kawai. Sannan wata nawa take yi tana ba da nono, domin akuyar da ke ba da rabin lita har wata huɗu ta fi wadda ke cika kwano mako uku ta ƙafe. Idan za a sami labarin uwar ubansa, to an ƙara haske, tunda ta wannan ɓangaren ma nono yake gadowa.

Akwai tarkon da ke kama ko gwanaye. Ɗan da aka haifa shi kaɗai ya sha nonon uwarsa ba abokin tarayya, don haka a wata uku zai fi ɗan tagwaye cika ido. Wannan ƙibar ta ci ce, ba ta gado ba. Adalci shi ne a gwada tilo da tilo, ɗan tagwaye da ɗan tagwaye, masu kwanaki kusan ɗaya. Sau da yawa wanda ya ɗan fi ƙanƙanta, amma uwarsa ta shayar da biyu har ta rage wa mai ita na fura, shi ne uban garken da ake nema.

Bayan asali sai jikinsa. A kwantar da shi a duba ƙasan ciki: maraina biyu, dukansu sun sauka, girmansu ɗaya, ba kumburi. Kusa da su akwai 'yan ƙananan kan nono, domin namiji ma yana da su, kuma biyu ake so. Idan uku ne ko huɗu, ko ɗaya ya rabu biyu, zai iya gadar wa 'ya'yansa mata, tatsa ta zama wahala. A buɗe bakinsa a ga haƙoran ƙasa sun zauna daidai a kan dasashin sama, domin mai karkataccen muƙamuƙi ba ya cin abinci yadda ya kamata. Ƙafafu a miƙe, ƙirji da faɗi, ido garau, hanci ba majina, gindi ba alamar zawo. Kada kuma ya zama ɗan gida: bunsurun da zai hau 'yan'uwansa gara a yi musanyarsa da na wani ƙauye, kuma ko baƙo ne, da zarar 'ya'yansa mata sun isa barbara lokacin sauya shi ya yi.

Yanzu da hotunan manyan awakin waje suka cika wayoyi, matasa masu shiga kiwo suna ɗokin sayen bunsurun Saanen ko makamancinsa da kuɗi masu yawa. Ba laifi ba ne, amma a san cewa lita 1,000 ɗin nan da sanyin ƙasarsu da abincinsu da likitansu take tafiya, kuma zafin watan Afrilu a Maraɗi ko Sakkwato ba ya raga wa baƙuwar dabba. Inda haɗin ya yi nasara, tsari ne ya riƙe shi. A yankin Meru na ƙasar Kenya, daga 1996, ƙungiyar FARM-Africa ta kawo bunsurayen Toggenburg, ta damƙa kowanne a hannun ƙungiyar manoma, mutum ɗaya yana kula da shi, maƙwabta suna kawo awakinsu, ana rubuta kowace barbara, ana kuma juya bunsurayen tsakanin ƙauyuka kafin su kai ga 'ya'yansu. Babu abin da zai hana matan unguwa guda a Tasawa ko Illela su yi haka da ɗan jar akuyar da ta fi nono a garinsu, ko ɗan baƙa idan ita ce ta fi.

Fatar jar akuya har yanzu tana da kasuwa, masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aika ta Italiya da Sifen, kuma mai son tsantsar iri yana da hujjar neman ja. Amma mai kiwo don nono, idan zai sayi ɗan bunsuru a bana, kada ya tsaya ga abin da dillali ya faɗa masa a kara. Ya nemi gidan da aka haife shi, ya je da sassafe kafin a saki 'ya'yan, ya roƙi mai akuyar ta tatsi uwar a gabansa cikin kwanon da ya san awonsa. Idan ya saya, ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa mata, da abin da kowacce ta bayar a tatsarta ta fari.